Yadda Ake Kai Godiya Tun Mai Ita Yana Raye

A watan azumin 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, aka bugo mini waya bayan azahar aka ce maigidana, wanda ya koya mini ɗinki, ya rasu da asuba, har an kai shi makwancinsa. Duk wanda yake Kano a makonnin nan na Afrilu da Mayu ya san yadda aka yi ta rasa dattawa, kullum sai ka ji wane ya tafi. Babu fita, babu zaman makoki. Ta waya na yi wa iyalinsa ta'aziyya, sannan na zauna a tsakar gida ina kallon keken Butterfly ɗin da ya ba ni ranar da ya yaye ni a 1998.

Ni tela ne, shagona yana Fagge. Shekara bakwai na yi a hannun mutumin nan. A shekarata ta uku ya ba ni shaddar wani Alhaji, yadi goma, in yanka babbar riga da 'yar ciki da wando. Na rikita awon, na sa almakashi, na lalata ta. Da mai kaya ya zo ina bayan labule jikina yana ɓari. Alhajin ya ɗaga murya yana tambayar wane yaro ne ya yi wannan ɓarna. Maigida ya ce, “Alhaji, ni ne mai shago, ni za ka riƙe. Ka yi haƙuri, zan saya maka wata.” Daga aljihunsa ya biya. Bayan mutumin ya tafi ya miƙo mini ɓatacciyar shaddar ya ce in fitar da kaftanin yara biyu a ciki kada ta tashi a banza. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Ni ma ban tayar ba. Kowace salla ina zuwa gaishe shi, in durƙusa, in ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, in yi masa addu'ar ƙarin lafiya. Amma shekara ashirin da shida ban taɓa buɗe baki na ce, “Baba, ina sane da ranar shaddar nan, na gode” ba. Ina zaton gaisuwa ta wadatar. Sai da ya rasu na gane gaisuwa kowa ma yana kai masa, ita kuwa wannan maganar ni kaɗai ne a duniya zan iya faɗa masa ita.

Tun daga wannan azumin na ɗauki al'adar bin mutanen da suka yi mini alheri ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda nake yi, ka ɗauki abin da ya dace da kai.

Fara da rubutu. Kada ka ce ai kana riƙe da su a ka. Gwada tambayar kanka waɗanda suka cuce ka, nan take za ka lissafo biyar. Tambayi kanka waɗanda suka rufa maka asiri, sai ka yi shiru kana tunani. Haka zuciya take. Ni a bayan littafin awo na fara, wanda nake rubuta tsawon riga da faɗin kafaɗa. Na ja layi na yi gida uku: suna, abin da ya yi, da ranar da na kai masa godiya. Gida na biyu shi za ka fi ba muhimmanci. Kada ka rubuta “ya taimake ni”, wannan bai ce komai ba. Rubuta “ya ba ni zare da maɓalli bashi wata huɗu lokacin da na buɗe shago ba ni da ko sisi”. Abin da ka rubuta a nan shi za ka faɗa a gabansa.

Idan sunaye sun ƙi zuwa, kada ka bi shekaru, bi wurare. Koma gidan da ka tashi, ka shiga ɗaki ɗaki, ka leƙa gidajen maƙwabta. Je makarantar allo, je firamare, bi hanyar da kake bi da safe. Tuna tashar da dare ya taɓa yi maka, da asibitin da ka yi jinya. Sannan ka bi ta kan matsi: duk inda ka taɓa shiga ƙunci ka fita, duba da kyau, akwai hannun wani a ciki. Ka tuna farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kuɗinka na banki amma ba ka iya sayen albasa, masu POS suna yankar la'ada mai zafi, ka tura ta waya kuma ta maƙale. Mai kayan miyan bakin layinmu ya yi mako uku yana ba gidana tumatir da attaruhu yana rubutawa a jikin kwali, alhali shi ma da tsabar kuɗi yake sarowa. Da abubuwa suka lafa na biya shi har ƙwandala, na ɗauka an gama. Ba a gama ba. Kuɗin tumatir na biya, ban biya yardar da ya yi da ni ba. Shi ma ya shiga littafi. Daren farko sunaye tara na rubuta, yanzu sun kai arba'in da uku.

Da wa za ka fara? Da tsofaffi da marasa lafiya. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da yake buƙatar bayani shi ne niyya. Mutane suna cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma a wajen ciniki gaskiya ne, amma kada ka shigo da shi nan. Godiyar da ke da roƙo a bayanta ana jin warinta tun daga ƙofa. Idan kana da buƙata a wajen mutumin, kada ka haɗa su a zuwa ɗaya, kai ko a wata ɗaya ma. Kuma ka sani an saba, wanda ya daɗe bai zo ba idan ya bayyana da fara'a to da magana a bakinsa. Za ka ga haka a fuskar mai gida: yana amsa gaisuwa amma yana jiran inda za ka ɓullo. Saboda haka da an gama gaisawa nakan ce, “Baba, ba wata buƙata ce ta kawo ni ba, wata tsohuwar magana ce.” Nan take za ka ga kafaɗunsa sun sauka.

Nemo mutum shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma a nan yawanci ake karaya. Mai zaren da ya ba ni kaya bashi lokacin da na buɗe shago yana cikin waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta cinye wa rumfa. Tun daga nan ban ƙara ganinsa ba, lambarsa ma ta daina shiga. Da na koma kasuwar ina tambaya da sunansa na yanka, babu wanda ya gane. Sai wani dattijo mai sayar da allura da man keke ya tambaye ni laƙabinsa da garinsu. Ina faɗa ya ce ai ya koma gida, wani ƙauye gaba da Wudil. To ka riƙe wannan: a ƙasarmu da laƙabi da sana'a da garin asali ake neman mutum. Tambayi tsofaffin maƙwabtansa a kasuwa, ladanin masallacin da yake salla, mai shayin layinsu, mai unguwa, da direbobin tashar garinsu. Facebook da zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai suna da amfani idan sa'anka kake nema. Dattawa kam sai da baki da ƙafa. Matambayi ba ya ɓata.

Ranar Juma'a na tafi, ranar kasuwar Wudil, don an fi samun mota da masu babur da suka san ƙauyuka. Na same shi a zaure a kan tabarma, da 'yar tirensa ta ashana da magi da ƙullin gishiri. Idonsa ya yi yana, bai gane ni ba. Na faɗi sunana, na faɗi sunan maigidana, sai ya ce, “Af, yaron wajen Malam!” Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali da aiki, na yi masa jajen gobara duk da shekarun da suka wuce. Sannan na ce, “Alhaji, a 2001 na zo rumfarka na ce na kama shago amma ba ni da jari. Ka ɗebo zare dozin uku da maɓalli da zif ka zuba mini a leda, ka ce in je in fara. Wata huɗu ba ka aiko ba, ba ka yi mini kallon bashi ba. Da wannan zaren na yi ɗinkin sallata na farko. Yau ina da keke biyar da yara bakwai suna koyo. Na zo in ce na gode, Allah ya saka maka da alheri.”

Ya yi shiru. Can ya ce, “Ni na yi haka?” Na ce kai ka yi. Ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, sannan ya ƙwala wa ɗansa kira ya ce, “Zo ka zauna, ka ji abin da baƙon nan yake cewa.” Ya sa na maimaita daga farko.

A hanyar dawowa na yi ta juya wannan. Mutumin da wuta ta cinye dukiyarsa, 'ya'yansa ƙanana ba su san shi da komai ba sai tirensa. Kaftanin da na kai masa ya yi murna da shi, amma abin da ya fi so shi ne ɗansa ya ji. Tun daga nan, idan alherin ba mai tona asirin kowa ba ne, nakan so in faɗe shi a gaban iyalin mutum. Kuma kada mantuwarsa ta sanyaya maka gwiwa. Mafi yawan waɗanda na je wajensu sun manta, domin irinsu ba sa ajiye lissafi.

Ka lura da yadda na jera maganar: lokacin da abin ya faru, abin da ya yi dalla-dalla, abin da ya haifar, sai godiya da addu'a. Abin da ya haifar ɗin ka taƙaita shi, jimla ɗaya ko biyu, kada zaman ya koma labarin arzikinka. Zai katse ka ya ce “ai ba komai” ko “yi wa kai ne”. Kada ka yi musu, kada kuma ka tsaya, ce masa, “Haka ne, amma ka bar ni in ƙarasa.” Kunya za ta kama ku duka biyu, ba mu saba da irin wannan ba. Ka daure, minti biyu ne.

Lokacin zuwa, bayan la'asar ya fi, an huce kuma ba lokacin abinci ba ne balle ka ɗora wa gida nauyi. Kada ka yi ta a wajen biki ko zaman makoki, hayaniya za ta haɗiye ta. Zumunta a ƙafa take, idan ƙafa za ta kai ka, je da kanka. Idan mutumin yana Legas ko Yamai ko Saudiyya, kira shi ya ji muryarka. Mace idan namiji za ta kai wa godiya sai ta tafi da mijinta ko ɗan'uwanta ko babban ɗanta, haka namiji idan gidan matar aure za shi sai ya bi ta hannun mai gidan. Abu ɗaya da nake roƙonka: kada ka ɗauki hoton mutum ka sa a Facebook ba da izininsa ba. Wasu don Allah suka yi, ba sa son a ji, wasu kuma ba sa son duniya ta ga halin da suke ciki yanzu.

Game da abin hannu, ka tuna ba biya ka je yi ba. Idan ka kai abin da ya yi yawa sai ya zama kamar ka zo sauke nauyi ku rabu. Goro, turare, sabulu, sukari, kwanon shinkafa, duk sun isa. Ni da yake ɗinki na iya, kaftani nake yi. Kowa ya duba sana'ar hannunsa. Idan ka ga gidan yana cikin rashi kuma kana da hali, ninke kuɗin ka damƙa masa a hannu lokacin sallama, ba a gaban mutane ba, ka ce, “Ga wannan a sayi goro.” Idan ba ka da komai, je haka nan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarce mu mu saka wa wanda ya yi mana alheri, idan ba mu sami abin sakawa ba mu yi ta yi masa addu'a har mu ga kamar mun saka. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai shi “Jazakallahu khairan” to ya kai matuƙa wajen yabo. Na san mutane da yawa da jiran “sai na samu” ya hana su zuwa har mai alherin ya mutu.

Akwai sunayen da za ka rubuta hannunka yana nauyi. Ina da kawu da ya riƙe ni shekara biyu, ya ciyar da ni, amma da gori. Na daɗe ina tsallake sunansa. Daga baya na je na gode masa a kan ci da sha da wurin kwana, iyakar abin da ya yi ke nan kuma gaskiya ne ya yi. Ban tayar da gorin ba, ban kuma yi ƙaryar cewa ban taɓa jin zafi ba. Ban ce ka mayar da kanka hannun wanda ya zalunce ka ba. Amma ɗacin mutum ba ya goge tuwon da ka ci a gidansa. Haka kuma kada addini ko yare su tace maka littafin. A nawa akwai wani Kirista ɗan ƙabilar Ibo mai gyaran keken ɗinki, wanda ya taɓa barin shagonsa a jajibirin salla ya zo ya gyara mini keke ya ƙi karɓar ko kwabo. Manzon Allah (SAW) bai manta Muɗ'im bin Adiyyi ba, wanda ya ba shi mafaka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa kuma ya mutu bai musulunta ba. Bayan yaƙin Badar ya ce da Muɗ'im yana raye ya yi masa magana a kan fursunonin, da ya sakar masa su.

Masu wuyar duka su ne na cikin gida. Na iya shiga mota har gaba da Wudil, amma sai da na yi wata da watanni ban iya ce wa matata komai ba, ga ta muna kwana ɗaki ɗaya. Shekarar da aka ƙara mini kuɗin hayar shago, ita ta cire 'yan kunnenta na zinare na cikin lefe ta ba ƙanwarta ta sayar, ta ajiye mini kuɗin a cikin hulata. Daga baya na saya mata wasu, na ɗauka magana ta ƙare. Wani dare bayan isha'i, yara sun yi barci, tana ninke kaya, na ce mata ina sane da 'yan kunnen nan, kuma da ba don ita ba da shagon ya tafi. Ta tsaya da rigar a hannu ta ce, “Ashe kana tunawa?” Shekara goma sha ɗaya tana zaton na manta. Kada ka jira wani lokaci na musamman, kada kuma ka sa wasa a ciki don rage kunya. Faɗa mata a fili, ka ambaci abin.

Mahaifiya kuwa, musamman idan kai ne ɗan fari kamar ni, ba za ta tsaya ta saurara ba. Tawa ko sunana ba ta kira. Da na fara sai ta kawar da kai ta ce, “Kai, tashi ka ba ni wuri.” Sai na canza dabara. Nakan tara 'ya'yana a ɗakinta in riƙa ba su labarin yadda take tashi tun kafin asuba ta soya ƙosai don ta saya mini littafi da takalmin makaranta. Ita tana gefe tana jan carbi kamar ba ta ji, amma duk inda na yi kuskure a labarin sai ta gyara. A Suratu Luƙman, aya ta 14, Allah ya haɗa godiya gare shi da godiya ga iyaye a wuri ɗaya. Kuma ni dai na ga yadda abin yake aiki: tun da na fara bin mutane, Alhamdulillahin da nake faɗa bayan salla ta daina zama ta baki kawai, domin ina faɗa fuskoki suna zuwa mini.

Saura waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Je wajen iyalinsu. Manzon Allah (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Da aka buɗe gari na tafi gidan maigidana, na zauna a gaban mai ɗakinsa da 'ya'yansa maza biyu na ba su labarin shaddar. Babu wanda ya taɓa ji a cikinsu, ko ita Hajiyar. Ta ce ta tuna wata shekara da ya ce a yi haƙuri da ɗinkin sallar gida, bai faɗa mata dalili ba. Yanzu jikansa ɗaya yana shagona yana koyo, kuma duk azumi ina yin sadaka da niyyar Allah ya kai masa ladan. Ka yi irin wannan iya ƙarfinka: addu'a, sadaka, duba marayu, gaishe da aminansa. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, bai cike gurbin ba. A gida na uku na layin sunansa, ranar da na je wajen iyalinsa na rubuta, da jan biro, don in bambanta ta da sauran.

Na ware yammacin Juma'a ɗaya a kowane wata don wannan, in rufe shago bayan masallaci in bar wa yara mukulli. Idan ban sa rana ba, ɗinki ba zai taɓa barina ba. Cikin arba'in da ukun na kai wa ashirin da tara, biyar da jan biro. Wanda ke gaba shi ne malamin da ya koya mini lissafi a aji huɗu, wanda yakan tsayar da ni bayan an tashi har sai na gane rabawa, abin da nake cin abinci da shi kullum a kan tebur ɗin yanka. An ce ya yi ritaya yana zaune a Gwarzo. Na riga na yanka masa farar shadda, saura kalmasa da guga.